Ragowar Tokiko

"Af, ke ce da tsakar ranar nan? Sannu da zuwa, mai cire wa mutane haƙora."

"Yauwa, sannu da gida, mai haƙori uku. Ko sun koma biyu ban sani ba?"

Ina zaune a barandar Genzo ina ɓare masa wake lokacin da jikarsa Kozue, likitar haƙori a garin Nara, ta shigo, da jaka a hannu tana ɗigar da ruwa. Shekara talatin muna maƙwabtaka da shi a Wazuka, ƙauyen manoman shayi, na san halinsa kamar yunwar cikina. Rabin rayuwarsa a bakin kasko ya yi ta yana soya ganyen shayi, amma tun da matarsa Tokiko ta rasu bara ya kife kaskon, abinci ma sai an yi faɗa yake ci. Ya rame har ina jin tausayin kallonsa. 'Yarsa, uwar Kozue, ta riga ta yanke magana: ƙarshen wata za ta zo da sikeli, in ya ƙara raguwa sai ta kwashe shi zuwa gidanta a birnin Osaka, bene hawa na tara. Likita ya ce a ba shi madara. Genzo ya ce shi ba ɗan maraƙi ba ne.

"Me ke zuba a jakar nan?" ya tambaya. "Kin jiƙa min daɓe."

"Ƙanƙara ce, da madara, da mazarƙwaila. Shayi zan haɗa maka, tsoho."

"Shayi? Da madara? A gidan nan?" Ya ajiye maficinsa. "Hisako, ki zama shaida. Na saki yarinyar nan, saki uku."

"Makon jiya ma ka sake ni, waye ya bugo waya yana cewa gidan ya yi shiru?"

"Kuskuren lamba ne. Mai sayar da kifi nake nema."

"Shi ya sa ka tambaye shi ko ya sami miji?"

Ban sa musu baki ba, don wanda ya shiga tsakaninsu shi ke kwana ciki. Kozue ta wuce kicin, wanda daga baranda ana ganin komai a cikinsa. Ta hau kujera ta sauko da kaskon da ke kife a kan kabad, sannan ta miƙa hannu can ciki ta jawo jan gwangwani. Gabana ya faɗi. Ganyen ƙarshe ne da Tokiko ta tsinka da hannunta, kuma ba wanda ya taɓa shi tun ranar da aka rufe murfin.

"Ajiye wannan," in ji Genzo. Wannan karon ba wasa a muryarsa.

Ta buɗe, ta kawo masa dab da hanci. "Shinshina, ai kai ne gwani. Me ka ji?"

Ya shinshina, ya kau da kai. "Ya soma kwanciya."

"To ka gani. In aka bar shi ya ƙara wata biyu sai dai a zuba wa fulawa. Ba kai ka koya min ba, ganyen da ya tsufa kasko ne maganinsa? Da tsofaffin mutane ma ana soya su, da tuni na jefa ka."

"Mara kunya! Kin san ma yadda ake riƙe kasko?"

"Me ke da wuya? A zuba, a juya."

Ta kunna wuta ta ɗora kaskon, nan take ta zuba masa ganye yana sanyi ƙalau, ta ɗauko cokalin miya ta hau juyawa. Ni da ban taɓa sayar da shayi ba sai da na runtse ido. Yarinyar da ta tashi a gindin kaskon nan ta san sai ya yi zafi ake zuba ganye, kuma ba a sa masa cokali. Na lura tana satar kallon Genzo ta wutsiyar ido.

"Cokali!" Genzo ya yi ihu. "Hisako, cokali ta sa! Miya kike yi? Za ki farfasa ganyen, ƙasa ya ƙone sama yana ɗanye!"

"Zauna abinka, kar iska ta ɗauke ka."

"Ni iska za ta ɗauka? Ni da na goyi buhu biyu na hau dutsen can ina waƙa?"

"A wane ƙarni?"

Ai ya riga ya miƙe. Mutumin da sai na riƙe masa hannu yake sauka daga baranda, sai ga shi a kicin ya ture ta da gwiwar hannu. Ya juye ganyen a faranti, ya bar kaskon ya yi zafi, yana kai tafinsa kusa yana janyewa. Da ya gamsu, ya mayar da ganyen ya ɗaga kaskon sama da wuta yana kaɗawa, wuyan hannu kawai ke aiki. Ba ya ko kallon ciki, hancinsa ne ke lura. Can wani siririn hayaƙi ya tashi, koren ganye ya koma ja, ƙamshi ya cika gidan har ya fito baranda. Shekara guda ban ji ƙamshin nan ta katangata ba, sai na ji idona ya kawo ruwa.

"Ya yi," ya ce, zai sauke.

"Ƙara masa wuta kaɗan," in ji Kozue.

Hannunsa ya tsaya. "Wa ya gaya miki wannan maganar?"

"Kaka. Haka take ce maka duk lokacin zafi, ko ba haka ba? Ka san dalili? In bai soyu sosai ba madara danne shi take yi. Kana fita gona muke haɗa abinmu ni da ita, mu sha mu wanke kofi. Shekara da shekaru ana cin amanarka a gidanka, gwanin shayi, ko labari ba ka da."

Na ɗauka zai fashe. Sai ya mayar da kaskon kan wuta yana kaɗawa a hankali.

"Kwalbar madarar da take ɓoyewa a rafin bayan gida, ƙarƙashin dutse mai faɗi?" ya ce. "Wa kike tsammani yake gyara dutsen in ruwa ya ture shi?"

"Ka sani?"

"Hancin da ke gane ganyen gabas da na yamma, shi ne ba zai ji ƙarnin madara a kofi ba? In na nuna na sani dole in yi faɗa, in na yi faɗa ta daina. Sai na yi shiru na ƙara wuta."

Kozue ta juya baya tana goge fuska da hannun riga.

"Kuka kike yi?"

"Hayaƙinka ne, tsoho. Ka ƙona mana shayi."

"Bakinki ya ƙone!"

Sauran aikin ita ta yi, shi kuma yana tsaye a kanta yana kushewa. Ta zuba ganye da yawa a ɗan ruwan zafi kaɗan don ya yi kauri, ya ce ɓarna ce. Ta tace, ta narka mazarƙwaila a ciki tun yana da zafi, ya ce ashe alewa ake dafawa. Ta cika dogon kofin gilashi da ƙanƙara, ta zuba madara, ta tsiyaya shayin a kai yana gangarawa cikin farin, ya ce kamar ruwan wankin kwano. Ta miƙa masa.

"Ba na sha."

"To shirya akwatinka. A Osaka daga taga ko tsiron shayi ba za ka gani ba."

"Na ce ba na sha. Kuma dubi rashin tarbiyya, a gidan nan wa ake fara ba wa shayi?"

Ya karɓe kofin ya kai ɗaki, gaban hoton Tokiko, inda kullum da safe ake ajiye mata kofin farko. Ya durƙusa, ya kaɗa 'yar ƙararrawa, ya haɗa tafukansa.

"Ga abinki nan," ya ce. "Yau ba sai kin je rafi ba."

Ba ka jin komai sai kukan gyare da ƙanƙara tana motsi a kofi. Ya daɗe a durƙushe. Abin da aka ajiye wa mamaci ba a zubarwa, in ya ɗan jima sai a sauke mutanen gida su ci. Kozue ta miƙa hannu, ya buge hannun.

"Tsaya nan. Ragowar matata ni ke cinyewa, shekara hamsin da biyu ba wanda ya taya ni."

Ya kafa kai bai sauke ba sai da ƙanƙara ta bugi haƙoransa uku. Ya ajiye kofi, ga farin gashin baki na madara a leɓensa.

"Ɗan maraƙi, yaya?" in ji Kozue.

"Ban sha madara ba, ragowa na sha. Ba daɗi ko kaɗan." Ya lashe leɓe. "Kuma ta ce mazarƙwailar ta yi kaɗan."

"Ita ta ce?"

"Ita ta ce. Ta ce kuma sau biyu take so a rana, da ɗan tuwon shinkafa a gefe." Dariya ta ƙwace masa har da tari. Ya ɗauko cokalin miyar ya danƙa mata a hannu. "Ungo, kyauta na ba ki, tafi da shi Nara. Kaskona kuma kar ki ƙara taɓawa. Ki gaya wa uwarki ta zo da sikelinta, ta haɗo da madara kwalba shida."