Geron Watan Azumi

Shekara talatin mijina Malam, Allah ya jiƙansa, yana sayar da hatsi, kullum in ya dawo gida sai ya faɗa mini farashin ranar. Tun da ya rasu, abin da ya rage mini ke nan, sai hawaye.

Ɗana Lawal ya haɗa wata manhaja a kwamfuta, wai ita da kanta za ta riƙa sayo masa gero idan ta san farashin shekarun baya. Ya ce zai nemo a intanet, ko da yake ba abin yarda ba ne. Na gyara zama na ce, "Uwarka na raye za ka tambayi intanet?"

Kwana uku ina kuka ina zubo masa farashin, yana shigarwa. Na rantse masa gero bai taɓa araha kamar a watan Azumi ba.

"Inna, kin tabbata?"

"Ni da na yi wa mutumin takaba?"

Azumi na kamawa, na'urar ta kwashi jarinsa kaf ta sayi gero a tsakiyar bazara, yana tsananin tsada. Ashe azumin da nake tunawa a kaka ya faɗo. Wata ya yi ta tafiyarsa, ni ina zaune inda Malam ya bar ni.

Lawal ya rungumi asararsa. Amma ƙanin Malam, duk Juma'a in ya zo gaisuwa daga Ƙofar Kibo, tun daga zaure yake farawa: "Hajiya Kwamfuta, bana yaushe za a ga watan arahar?"