Rasuwar Goggo Baƙa, Butar Gahawar Masu Hawan Dutse

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, kunya kuma ta hau kansa ta zauna, Malama Gunvor Tveiten, tsohuwar malamar ilimin sinadarai, tana sanar da 'yan Ƙungiyar Masu Hawan Dutse ta Kvernvik da sauran abokan arziki rasuwar butar gahawarsu, wadda kowa ya sani da Goggo Baƙa. Ta rasu ranar Asabar ɗin Ista da hantsi, a kwarin da ƙungiya ta saba yada zango, a gaban jama'a, bayan gajeriyar rashin lafiya. Ta haura shekara sittin. Mai wannan sanarwa ce ke riƙe da ita a 'yan shekarun nan, kuma a hannunta ta cika.

Duk wanda ya taɓa bin ƙungiya, ko sau ɗaya ne, ya ji abin da ake faɗa a kan marigayiya. Wai sabulu bai taɓa shiga cikinta ba, wai baƙin da ya daskare a cikin nan shi ne sirrin daɗin gahawarta, ranar da aka kankare shi kuwa ɗanɗano ya tafi ke nan. Tun kafin a nuna wa sabon shiga yadda ake kafa tanti ake gaya masa wannan. Malama Gunvor ba ta taɓa yarda ba. Ita a ganinta, mutumin da ya wuni yana turo katakan zamiya a kan dusar ƙanƙara, hanci na zuba, yatsu sun sandare, ko ruwan wanke-wanke ka ɗumama masa zai rantse bai taɓa shan irinsa ba. Ta sha faɗin haka a bakin wuta, aka sha ce mata, "To, Malama, an tashi daga aji, miƙo kofinki."

Marigayiya mutuniyar kirki ce. Ba ta taɓa neman a sa ta cikin jaka ba. A waje ake rataye ta, tana lilo a bayan mai ɗauke da ita, ruwa da iska duk a kanta. Ta sha faɗuwa a gangare, ta lotsa a gefe biyu, ba ta yi ƙorafi ba. Ba ta bambanta shugaban ƙungiya da wanda ya manta safarsa a gida. In an rataye ta a sanda bisa wuta, sai ta yi shiru kamar mai tunani, can ta fara ƙur-ƙur-ƙur, murfi ya amsa da kaf-kaf, kowa ya bar musun da yake yi ya nemi kofinsa. Aure biyu aka ƙulla a gefenta. Ɗaya ya mutu, amma ba laifinta ba ne.

Ga yadda ciwon ajali ya same ta. Baba Eilif Haugland, tsohon alƙali, wanda ya sayo ta tun yana saurayi, gwiwoyi sun daɗe da hana shi hawa, yana zaune a gidan kula da tsofaffi. Bana likita ya ce in zai je dutse ya je, don ba a san baɗi ba. Ƙungiya ta shirya a naɗe shi cikin bargo da fata, a ja shi a kan katako har zango, ya sha gahawar Goggo sau ɗaya tak. Abin da ya roƙa ke nan, bai roƙi wani abu ba.

Malama Gunvor ta ga dama ta samu. Ana gobe tafiya ta sa soson ƙarfe da sabulu ta kankare cikin butar tas, har tana ganin fuskarta a gindi, ta bar bayan da baƙinsa don kada kowa ya gane. Nufinta ta bari a sha, a lumshe ido, shi kansa Baba Eilif ya yaba, sannan ta miƙe ta buɗe murfi ta nuna musu. Har jawabin ta tsara. A wurin wanki komai a jiƙe yake, ba ta lura da ɗigo ba. Matar da ta ƙare aikinta tana hana yara ɗora kwalba a wuta sai sun duba ko ta tsage, ba ta cika butar nan da ruwa ta ɗaga ta duba ba.

A zango aka haƙa wurin zama cikin dusar ƙanƙara, ana fuskantar rana. Aka zaunar da tsoho a tsakiya, aka ɓare masa lemo. Gunvor ta danna dusar ƙanƙara a buta da hannunta, ƙanƙara kuwa ba ta zuba sai ta narke, saboda haka marigayiya ta hau wuta da mutuncinta. Ba ta yi ƙur-ƙur ba. Abin da aka ji shi ne tss, can kuma tss, sai tsssss, hayaƙi fari ya turnuƙe, wutar da Borghild, wata 'yar ƙungiya, ta sha wuya kafin ta kama ta mutu murus. Borghild ce ta ɗaga murfi. Ta leƙa, ta daɗe tana leƙawa, sannan ta ɗaga butar sama, rana ta ɓullo ta gindinta tsilli-tsilli kamar rariya.

"Gunvor," in ji Baba Eilif daga cikin bargo, "wanka kika yi mata?"

"Ciki kawai, Baba."

"Ai ko gawa ba a yi wa irin wannan wanka."

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Wani ya zaro filas, aka zuba wa tsoho gahawar da aka dafo daga gida da lantarki. Ya kurɓa sau biyu ya ajiye. Da aka juyo gida Gunvor ce a ƙarshen layi, ita da ba ta taɓa yarda kowa ya wuce ta a gangare ba, buta na lilo a bayanta tana ƙara irin ta gwangwani.

Marigayiya ta rasu ta bar murfi ɗaya, wanda lafiyarsa ƙalau amma ba shi da sauran amfani. Da marfin hancinta da ya ɓace tun da daɗewa, in yana raye a sanar da shi. Da kofunan katako masu yawa, duk marayu. Da sandar ratayewa. Da Baba Eilif. Ta kuma bar mai wannan sanarwa, wadda tun ranar ba ta shiga kantin gari sai ta leƙa ta tabbata babu ɗan ƙungiya a ciki.

Ana godiya ga waɗanda suka aiko da ta'aziyya. Wanda ya ajiye sabon soson ƙarfe ɗaure da baƙin ƙyalle a ƙofar gida, an gane ɗaurin, Borghild, kuma an karɓa.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi mai zuwa bayan an fito daga coci, a bukkar ƙungiya da ke bakin tafki. Ba za a binne ta ba, ƙasa a daskare take da sanyi, ba ta saki ba tukuna. Za a rataye ta a ƙusa bisa murhu, bakinta na kallon bango. Kowa ya zo da filas ɗinsa. Ba a buƙatar furanni, ba a buƙatar jawabi, musamman daga Malama Gunvor. An roƙe ta ta wanke kofuna bayan taro, ta kuma amsa.

Baba Eilif ba zai samu zuwa ba. Mai sanarwa ta je ta same shi a ɗakinsa don ta ba shi haƙuri, ya ce ta zauna, ya kuma yarda a rubuta abin da ya gaya mata. Gindin butar ya fara hujewa tun kafin a haifi rabin 'yan ƙungiya, shi kaɗai ya sani. Baƙin da ke ciki shi ke toshe hujin. Zancen ɗanɗano shi ya ƙirƙiro, don kada wani ya wanke ta.