Koren Littafin Alhaji

Kullum bayan asuba marigayi Alhaji yakan buɗe wani koren littafi, leɓɓansa na motsi. Ni da ban yi karatu ba, na yanke cewa tafsiri ne na Turanci. Babu jikan da na bari ya taɓa shi ba alwala.

Ranar sadakar bakwai na naɗe shi a farin ƙyalle, na aika wa liman ya karanta wa mamacin.

Ƙanin Alhaji ne ya dawo da shi. "Hajiya, ƙamus ne. Kalmomin Turawa masu kama da juna Yaya yake haddacewa, don ya kayar da abokansa a musu."

Ina kukan mijina, facalolina na dariya cikin mayafi. Har yau jikokina kan ɗauko ƙamus su ce, "Hajiya, mu yi alwala?"