Ganuwar Mama Marta

Ko na tsufa na manta sunan jikokina, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai abokaina ganin tsohuwar ganuwa ba. Lokacin ɗan garinmu ne ke mulkin ƙasa, mu samarin Garwa muna tafiya kamar tare aka rantsar da mu. Ni kuwa nawa ya fi na kowa, don na yi shekara biyu a lise, wato sakandare, kafin Baba ya ciro ni ya zaunar da ni a shagonsa na atamfa. Da shekara biyun nan nake cika wa mutane kunne, har ake kirana Furofesa a majalisarmu ta Jambutu. (Na ɗauka girmamawa ce. Allah Ya yafe mini.)

Wata rana ana shan shayi aka ɗauko zancen ganuwar duwatsun da ke can saman tsaunukan arewacin gari, wadda mutanen dutse suka gina tun zamanin mahaya masu kamen bayi. Bakina, wanda bai saba shawara da ni ba, ya ce, "Ai na je sau biyu." Wallahi ban taɓa wuce inda kwalta ta ƙare ba.

Hamadu tela, Bafulatani mai son ƙure mutum, ya ajiye kofinsa. "To, Furofesa, ran Lahadi ka kai mu."

Piyer, malamin firamare, ya ce zai aro kyamarar wansa. Na dubi fuskokin mutane na ga in na ja da baya sunana ya mutu a unguwa, sai na ce da ɗan Faransancina, "Bon, ku shirya."

Ran Lahadi muka hau ƙananan babura na mobilet har ƙauyen da hanya ta tsaya. Wani dattijo ya ce zai raka mu, na ce masa mun gode, ni ɗan hanya ne. Sanye nake da farar shadda da takalmi sau-ciki, sai ka ce ɗaurin aure za ni. Muka yi ta hawa. Rana ta take, ruwan gorarmu ya yi rabi, takalmin ya fara cin dunduniyata. Duk sanda Hamadu ya ce, "Saura nawa?" sai in nuna wani dutse in ce bayan wancan ne. A raina kuwa addu'a nake Allah Ya jefo mini ko da duwatsu uku ne a jere.

Sai ga shi kuwa. Muna zagaya wani ƙaton dutse, muka ga ginin duwatsu a zagaye, tsayinsa ya kai kafaɗata. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba. Na ɗaga hannu na ce da Faransanci, "Mesiye, ga ta!"

"Ba ta yi ƙarama ba?" in ji Piyer.

Na ce wannan hasumiyar masu gadi ce. Hamadu ya toshe hanci ya ce wani wari yake ji, na ce masa haka tsohon gini yake, wanda bai yi karatu ba ba zai gane ba. Na shafa duwatsun, na jingina kumatuna da su aka ɗauke ni hoto. Na yi lacca a kan jarumawan da suka kwana a ciki da kwari da baka, Piyer yana ta ƙyasta kyamara har fim ya ƙare. Daga nan na ce bari in ciri dutse ɗaya in kai wa 'yan majalisa shaida. Na zaɓi wani mai kyau a tsakiya, na ja.

Gefen ginin gaba ɗaya ya zube, na bi shi ciki da fuska. Jarumawan kuwa suna nan. Aladu ne, uwa da 'ya'yanta shida, suna barcin rana a cikin taɓo. Uwar ta yi kururuwa, ni ma na yi, har yau ban san wanda ya fi wani ƙara ba. Suka bi ta kan shaddata suka fice. Hamadu yana salati ya ɗare bishiya, Piyer kuwa ya zauna a ƙasa yana dariya har da hawaye.

Ina miƙewa na ga wata mata riƙe da fartanya tana kallona. Ashe gidanta na bayan ƙaton dutsen. Na so ƙasa ta tsage, don na san ta: Mama Marta ce, ɗiyar mutanen dutse mai kawo gyaɗa kasuwa, kowace Kirsimeti a shagonmu take yankan atamfa.

"Kai ba ɗan Alhaji ba ne? Me aladuna suka yi maka?"

Hamadu daga kan bishiya ya ce, "Mama, tsohuwar ganuwa ya kawo mu."

"Tsohuwa? Bara na gina ta."

Ba ta yi faɗa ba. Ta sa Piyer ya koro aladun, ni kuwa ta ce in mayar mata da gininta yadda na same shi. Na jera, ya zube. Na sake, ya zube. Sai ta tsuguna ta nuna mini: manya a ƙasa, kowane dutse ya hau kan biyu, a cusa ƙanana a tsakani, a ɗan kwantar da bangon ciki. Ba laka, ba komai. Sai da la'asar ta kawo jiki na gama, ta tura da ƙafa, bai motsa ba.

A nan ne na faɗi maganar da ta fi faɗawa taɓon zafi. Na ce, a gaban abokaina, "Mama, ban taɓa zuwa ganuwar nan ba. Ban san hanya ba. Don Allah ki kai mu."

Ta dubi takalmina ta ce in cire. Na cire. Ta shige gaba, muka bi. Hamadu mai ƙure mutane ya zube a rabin hanya ya ce shi ya yafe, sai da Piyer ya ja shi. Ni kuwa kunya ta zame mini ƙarfi, ina biye da ita ƙafa da ƙafa, ƙaya na sukar ƙafata ko a jikina. Bayan ita, ni na fara isa.

Ganuwar ta bi ƙirjin tsaunin har ido ya gaza, ta fi mutum biyu tsayi, bishiyoyi sun fito ta jikinta amma tana tsaye. Can ƙasa ga kogin Binuwai yana sheƙi, ga Garwa kamar a tafin hannu. Na dubi duwatsun na ga kowane ya hau kan biyu, ƙanana a tsakani. Na yi wa abokaina bayani, karo na farko ina faɗin abin da na sani. Daɗi ya kama ni na yi ihu, "Mama, don hana mu mutanen ƙasan dutse hawa aka gina ta, yau ga ɗan ƙasa ya hau!"

Ta ce, "Ka hau, ɗana. Amma ni na buɗe maka ƙofa."

Kafin Talata labarin aladun ya gama kasuwa, Baba ya kwana biyu ba ya amsa gaisuwata. Amma a majalisa da aka fara tsiya, Hamadu da kansa ya ce, "Ku bar shi, ya je, kuma ya riga mu." Wannan shaidar ta ishe ni. Tun daga ranar dai, in na ga tsohon gini, kafin in buɗe baki sai na leƙa na ga wa ke kwance a ciki.