Alkakin Malam Laba

A duk ƙasar Dangora babu masanin awo kamar Mainasara. Shi ya faɗa da bakinsa, mu kuwa wa ya aike mu musu? Sau ɗaya aka taɓa kayar da shi, ranar kasuwa, da ya tsaya a kan Safara'u mai sayar da gari yana shelar cewa mudu kayan jahilai ne. Baiwar Allah ta zazzage mudunta, ta kifa masa a ka, ta leƙa, ta ce, "Jama'a, ko rabi bai kai ba."

Abin bai dame shi ba, gwano ai ba ya jin warin jikinsa. Mutumin da ya yi aikin kuku a gidan Bature a Kano ya wuce tanka wa mai talla. 'Yan baƙin ciki suna cewa figar kaji kawai yake yi a bayan kicin, amma figar kazar Bature ma ai ilimi ce. Ya dawo mana da gajeren wando, bakinsa cike da laba da oza, awon Turawa, har muka raɗa masa Malam Laba. Ya ɗauka sarauta ce.

Sai ga bikin 'yarsa Maijidda. Za a kai gara gidan ango a Burumburum, gidan da ake auna mutuncin amarya da alkakin iyayenta. Matarsa Luba ta tara mu, ta ware mai da ruwan tsami daidai na mudu goma. Sai ga gogan naka da sikeli a kan jaki. Wajen wani dillalin gyaɗa ya sayo shi, sikelin da kowane manomi ya san halinsa: ka ɗora masa buhu ya rantse maka rabi ne.

Ya gyara tsayuwa ya ce, "Ku saurara, mata. A wurin Turawa mudu ɗaya laba uku ne. Mudu goma, laba talatin. Yau ba za a yi aikin duhu a gidana ba."

Aka juye garin alkama mudu goma, sikeli ya ce da sauran tafiya. Malam ya ce a ƙara. Aka ƙara, aka aro na maƙwabta, aka kakkaɓe ƙwarya.

Luba ta ce, "Malam, sikelin nan fa ɓarawo ne."

Ya ce, "Ɓarawon gyaɗa ne, ina ruwansa da gari?"

"To bari in ƙara mai da ruwa."

"Lissafi ya rufe!"

Muka murza har kafaɗunmu suka ƙage. Abin da ya fito daga kasko, da za ka jefi kare da shi sai an kai ka gaban alƙali. Haka aka tsoma shi a zuma, aka kai.

Kakar ango, wadda haƙori ɗaya ya rage mata a duniya tana ta tattalinsa, ita ta fara gatsa. A ciki ta bar shi. Kafin azahar 'yan matan gidan sun sa wa Maijidda suna Amaryar Tsakuwa, tana ɗaki tana kuka.

Washegari Lawal, baffan ango, ya iso da kwanonin gara cike, ya dire su a ƙofar gida gaban jama'a.

Ya ce, "Malam, gara kuka aiko mana ko kayan gini?"

Aka yi ca, kowa na faɗin tasa. Malam Laba ya ɗaga hannu ya ce:

"Alkakin nan laba talatin ne cif, kowa shaida ne. In haƙoran Burumburum ba su yi makaranta ba, wannan kuma ba laifin sikeli ba ne."