Sojan da Ya Ci Gaba da Harbi Ina Durƙushe

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar a Argungu, ranar da na tafi neman yardar yayan yarinyar da nake so da laftof a jaka, na dawo Birnin Kebbi ko ɗaga kai ba na iya yi a cikin mota.

Lokacin ina aikin buga takardu a wani shagon kwamfuta, kuma ina neman auren Hafsatu, 'yar Argungu. Mahaifinta, Alhaji, manomin shinkafa ne marar yawan magana, kuma kowa ya san duk abin da babban ɗansa Murtala ya faɗa a kan mai neman aure, shi Alhaji yake ɗauka. Shi kuwa Yaya Murtala, wata huɗu ina zarya gidansu, bai taɓa ba ni abin da ya wuce "lahiya lau" ba. In ya dube ni sai in ji kamar na saka riga a baibai. Abin yana damuna ƙwarai, don na san in bai ce to ba, manyana ba su da ranar zuwa.

Wata rana ina zaune a ƙofar gidan na ji yana ba abokinsa labarin tsohon akwatin gem ɗinsa, irin mai kaset ɗin nan da ake jonawa da talabijin, wanda wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone tun shekaru. Ya ce wasan da ya fi kewa shi ne na wani ɗan soja mai gudu cikin daji yana harbi. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Yaya, ai yanzu ana yin shi ga kwamfuta. Akwai faifai guda, duk wasannin da munka yi muna yara suna ciki."

Ya juyo gaba ɗaya. Ranar ce ya fara kallona kamar mutum.

"Mi kac ce? Har da na sojan ga?"

"Har shi. Ni hwa tun ina ƙarami nika kai shi ƙarshe, ko mutuwa guda babu."

(Don Allah mai karatu ka yi mini adalci a nan: ba ƙarya na shirya ba. Har cikin raina na yarda ni gwani ne. Farkon samun jihar Kebbi babanmu ya sayo mana irin akwatin, muna zaune a unguwar Badariya, ni da yayana Nasiru muka raba fad biyu, wato abin dannawar nan mai waya. Shekara biyu muna kai sojan nan ƙarshe, ina ihu ina karkata jiki.)

Yaya Murtala ya ce in zo da ita Asabar bayan azahar, a jona da talabijin ɗin falo, zai kira abokansa su ga mutumin da ke gama wasan ba mutuwa. Har hannu ya ba ni.

Ran Laraba na samo faifan. Na saka manhajar da ke mayar da kwamfuta kamar tsohon akwatin gem, na sayo fad mai shiga laftof, na zauna cikin isa. Kiɗan farko na tashi, tsigar jikina ta tashi, na tuna tabarmar falonmu. Na danna. Soja ya yi taku uku ya faɗa ruwa. Na ce hannu ne ya kwana biyu. Na sake, harsashi ya ɗauke shi. Na sake, ya kuma faɗawa ruwan nan dai, a wuri ɗaya, kamar an aike shi. Na zargi fad, na koma kan maɓallan laftof. Na zargi laftof. Har iska na hura wa faifan, irin yadda muke hura wa kaset, duk da na san wannan ba hankali ba ne. Kafin la'asar gumi ya jiƙa mini riga, ban wuce gadar farko ba.

Na kira Yaya Nasiru a waya.

"Yaya, sojan ga namu na da, an canza shi ga kwamfuta ko? Ba ya jin hannuna."

Sai ya fashe da wata irin dariya har yana tari.

"Kai, wai har yau ba ka sani ba? Wayar fad ɗinka ƙarƙashin tabarma nika tura ta. Ba ta taɓa shiga akwatin ba."

"Ko sau guda?"

"Ko sau guda. Kuka kaka yi, Inna ta ce in ba ka. In na jona ma, kashe muna soja za ka yi."

Na ajiye wayar na zauna ina kallon hannuwana. Shekara goma sha wani abu ina yawo da gwanintar da ba tawa ba, kuma na je na shimfiɗa ta a gaban mutum ɗaya tilo da bai kamata ba. Tsoro ya kama ni sosai. Abin da mai hankali zai yi shi ne ya je ya faɗi gaskiya a yi dariya a wuce. Amma duk lokacin da na tuna hannun da Yaya Murtala ya ba ni bayan wata huɗu, sai in ji ba zan iya mayar da shi ba.

Ina cikin laluben faifan na ci karo da abin da na ɗauka mafita ce. Ashe manhajar tana iya kunna wasan da wani gwani ya riga ya yi ya ajiye, daga farko har ƙarshe, soja yana gudu yana harbi da kansa, ba ka taɓa komai ba. Wanda ke kallon talabijin ba zai bambance ba. Alhamis da Juma'a ban yi aikin kirki a shago ba. Haddar wasan na yi: inda zan karkata hagu, inda zan cije leɓe, inda zan yi tsaki in ce "saura kaɗan".

Ran Asabar, tun daga tasha har Argungu ina addu'ar a ɗauke wuta. (Garin da wuta ke wuyar zama, ranar ko ƙiftawa ba ta yi ba.) Falo ya cika da abokan Yaya Murtala guda biyar. Na jona laftof da talabijin, na juya fuskarta bango, na kunna abina a ɓoye, na riƙe fad.

Abin mamaki, ya tafi daidai. Soja ya haye gada, ya tsallake ruwa, ya tarwatsa ƙofar ƙarfe. Ɗaki ya ɗauki sowa. Yaya Murtala ya dafa kafaɗata yana cewa, "Kai, yaron ga maye na!" Ni kuwa ina danna maɓalli ina lissafin saura minti nawa in tsira.

Muna tsakiyar mataki na huɗu aka yi sallama. Alhaji ne ya dawo daga fadama, ƙafarsa da sauran laka, ya leƙo ya ga abin da ya tara hayaniya.

To, ni ɗan tarbiyya ne. Jikina bai tsaya shawara da kaina ba. Na saki fad a kan kafet, na zube na durƙusa, ya miƙo hannu na kama da hannu biyu.

Kun san gaisuwar dattijo ba ta da gaggawa. Ina gajiya. Ina mutanen Birni. Ya mahaifina da ƙafarsa. Ya Inna. Ya ruwa ya yi wajenmu. Ina amsawa "lahiya lau, Baba", a bayana kuwa ina jin tatatata, bum, tatatata. Soja bai san na durƙusa ba. Yana ta tsalle, yana kauce wa harsashi, har na ji kiɗan cin mataki ya tashi. Sowar ɗakin ta mutu ɗif. Na ji idanun mutum shida a ƙeyata, na kasa juyawa, Alhaji kuma bai saki hannuna ba.

Ya ɗaga kai ya dubi talabijin, ya dubi fad a yashe, ya dubi hannuwana biyu cikin nasa.

"Shin wa ka harbin ga?"

Nan ne ya kamata in yi shiru. Amma tsoro ya sa na ce, da bakina, a gaban surukin da nake nema:

"Baba... ya saba da hannuna na."

Wani daga cikin abokan ya faɗi daga kujera don dariya. Hafsatu, wadda ta iso bakin ƙofa da faranti na soyayyen kifi, ta juya da gudu kafaɗunta suna rawa. Alhaji ya ce "To, madalla," ya fita abinsa.

Yaya Murtala bai yi dariya ba. Da ya matsa mini, na nuna masa wasan gwanin da na yi kwana biyu ina haddacewa. Ya sa na kashe na gwanin na kunna na gaskiya, ya miƙo mini fad. Taku uku, ruwa. Sau uku a jere, cikin abin da bai kai minti ɗaya ba. Sai ya sallami abokansa, ya rage daga ni sai shi.

"Wasa ba komi ba na," in ji shi. "Amma in kana iya zama kwana biyu kana hardace ƙarya don sojan talabijin, mi za ka shirya ma ƙanwata in magana ta yi nauyi?"

Wannan ta fi dariyar ciwo. Na faɗa masa komai tun daga farko, na tabbata maganar aure ta watse. Da na gama sai ya ce maganar turo manya a dakata. In riƙa zuwa kowace Asabar da laftof, in yi wasan a gabansa da hannuna, ko zan mutu sau ɗari, har ranar da na haye matakin farko.

Asabar bakwai na yi ina faɗawa ruwa a gaban yayan budurwata. Kowane mako ina tafe ina fargabar ya gaji ya ce in daina zuwa. A ta bakwai na haye da ran soja guda, ya ce in gaya wa babana su zo.

Abin da na koya, in mutum zai yi ƙarya a gidan surukai, kada ya zaɓi wadda sai da hannu ake riƙe ta, don hannuwan nan biyu na gaisuwa ne. Ya fi sauƙi ma ya ce bai iya ba tun farko. Yau 'ya'yanmu uku da Hafsatu, amma har gobe in na yi wa Alhaji alkawarin wani aiki, ko kai shi asibiti ne, sai ya dube ni a natse ya ce, "Kai za ka yi da hannunka, ko sojanka za ya yi da kainai?"