Yaƙin Malam Ilu da Inhelar Gwaggo Tabawa

A saurara, a ji nasabar gwarzo! Shi ne Malam Ilu ɗan Barau ɗan Jatau, jikan Iya Mairariya wadda duk garin da ta tankaɗe ba a taɓa samun tsaki a cikinsa ba. Sadaukin ɗakin gwajin magunguna, ma'abocin farar riga mai maɓalli ɗaya, dodon ƙwayoyin da ido ba ya gani.

Amma ba'adu, ranar wata Talata gwaggonsa Tabawa, mai fama da asma, ta sayo sabuwar inhela, wato ɗan gwangwanin da take fesawa a baki in numfashinta ya sarƙe. Gogan ya dube shi a wulaƙance, ya ce shubuha ce. Ya yi mata huɗuba cewa ƙwayar feshi in girmanta ya wuce maikiron biyar, wato ma'aunin abin da ido ba ya gani, a maƙogwaro take maƙalewa, huhu ko ƙanshinta ba ya ji. Tsohuwa dai ba ta tambaye shi ba. Ta ce, "Ilu, shi ke nan gare ni fa." Ya riga ya sunkuci gwangwanin ya sa takalmi.

Ya isa fagen fama, ya ɗaura ɗamara, ya harhaɗa na'ura mai hawa takwas wadda kowane faifai nata ke tare ƙwayoyi gwargwadon girmansu, manya a sama, ƙanana can ƙasa, sannan ya girgiza gwangwani ya yi kururuwa, "Yau za a san na ƙwarai!" Fis! Wuta ta ɗauke, ya sake. Atishawa ta ɓata awo, ya sake. Ya samu sakamako mai kyau, amma don tsananin tahakiki ya ƙi yarda da kansa, ya yi ta fesawa tun hantsi har la'asar sakaliya, babban yatsansa ya yi kanta bai ja da baya ba.

Ya dawo gida da fatahi mubini, takardar sakamako a hannu. Ya tarar da ita a bakin ƙofa ta dafe ƙirji, numfashi na fita da ƙyar kamar tsohon zugazugi.

"Albishirinki, Gwaggo! Maganin na gaske ne!"

Ta fizge gwangwanin ta kai baki, ta danna. Shiru. Ta girgiza, ta sake dannawa. Ko iska babu. Ta ɗago jajayen idanu ta dube shi.

"To ɗan nan, miƙo takardar in shaƙa. Ko ka nemo mana Keke mai ƙafa uku mu tafi asibiti."